Ludayin Inna

Yamai, Maris 1985

Zuwa ga Yaya Istifanus,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Dabora da yara. Ina gajiyar Inna, yaya ƙafar tata? Yaya Dogon Dutsi da wannan fari? Ubangiji ya dube mu.

An maido ni aikin jinya kusa da Saga, inda mutanen da fari ya koro suka kafa bukkoki. Kan rabon hatsin da sojoji ke yi ba zan ce komai ba, ka san baki shi ke yanka wuya. Abin da ke cinye mana yara shi ne zawo, ga mata sun yarda cewa in an ba mai zawo ruwa ƙaruwa yake yi. Na yi bayani har muryata ta dushe, a banza, don yawancinsu Hausar kasuwa kawai suke ji. Sai na ce gani ya kori ji, bari mu yi musu wasa. Mu uku muka shirya, aka tura biyun wani sansani, ya rage ni kaɗai.

Kada ka yi dariya: ƙanwarka ce uwar yaro, ita ce tsohuwar da ke hana ruwa, ita ce kuma ma'aikaciyar likita mai haɗa ruwan gishiri da sukari. Jaririna tulu ne naɗe cikin zane. Mata har hawaye suke yi don dariya in na zama tsohuwa. Muryar Inna na ara, har da tsakin nan nata. Wannan tsakanina da kai ne, kada ka karanta mata.

Ka gai da kowa.
Ƙanwarka, Esta

Yamai, Afrilu 1985

Yaya Istifanus,

Bayan gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Ni dai jikina lafiya, zuciyata ce babu daɗi.

Wata yarinya, Zeinabu, wadda ba ta taɓa fashin kallon wasana ba, ta kawo ɗanta Abdulaye, idanu sun faɗa, maɗiga ta lotsa. Ta hana shi ruwa, har nono ta rage masa. Da na hau ta da faɗa, sai ta dube ni da mamaki, ta ce ai ni da bakina na ce a hana. Yaya, da farar rigar aikina nake yin dukan wasan, ina tsalle daga wannan baki zuwa wancan ba ko numfasawa. Ni na san inda tsohuwa ta ƙare, inda likita ta fara. Ita farar riga kawai ta gani tana cewa kada a ba yaro ruwa.

Mun sa masa ƙarin ruwa, yana nan tsakanin rai da mutuwa.

Na gyara wasan. Kowace mace cikin ukun da nake kwaikwayo na ba ta wurinta a tabarma. Tsohuwa tana hagu da sanda, a duƙe. Uwa tana tsakiya da goyo. Farar riga tana rataye a dama, ba na sa ta sai likita za ta yi magana. Kafin in sauya, sai in yi shiru, in ajiye abin da ke hannuna, in juya musu baya, sannan in juyo wata daban. Yanzu ko makaho ba zai ruɗe ba.

Amma abin haushi, da na tambayi matan wa ke da gaskiya, da yawa tsohuwa suka nuna. Suka ce ita tana magana kamar uwa, mai farar riga kuwa kamar sojan da ke tsare layin hatsi. Tsohuwar da ƙauna nake yin ta, don na san mai muryar.

Kuma ka san abin da ke raina. Ina ƙarama lokacin da ƙanenmu Musa ya rasu da irin wannan ciwo, amma ban manta yadda yake miƙa hannu wajen randa ba, Inna tana kuka tana janye shi, don haka aka koya mata. Rashin sani ya fi dare duhu. Ku sa Abdulaye cikin addu'a.

Taka, Esta

Yamai, Mayu 1985

Yayana,

Ina gaishe ku duka. Garba direba ya kawo mini saƙonku. Da na ga ka karanta wa Inna wasiƙun biyu, na yi fushi ƙwarai, dama tun muna yara cikinka ba ya riƙe magana. Sai na kwance ƙullin na ga ludayinta na duma, wanda bakinsa ya gutsure, da abin da ta sa ka rubuta: wai in bar tsohuwar nan ta ƙarasa maganarta, ta faɗa musu cewa ta binne ɗa. Na daɗe zaune ina kuka.

Jiya na yi wasan. Da likita ta gama bayani, na tuɓe farar riga, na juya, na koma hagu na ɗauki sanda. Mata suka fara murmushi, suna jiran tsaki. Sai tsohuwa ta ajiye sandar, ta ce ita ma ta hana nata ruwa don tana son shi, kuma sunansa Musa. Ta ɗauki ludayi ta kai bakin tulun. Ba wanda ya yi dariya. Har sojan da ke gadin wurin ya sunkuyar da kai.

Ban kai ga ƙarshe ba Zeinabu ta taso da Abdulaye, wanda muka sallama kwanan baya, ƙashi da fata amma idanu a buɗe. Ta karɓi ludayin daga hannun tsohuwa, ba daga nawa ba, ta ɗebo ruwan gishiri da sukari a ƙwarya ta ba shi.

Wannan kam ka karanta wa Inna, a hankali. Ka ce mata ludayinta ba zai dawo yanzu ba. Yaron ya shanye, ya kuma riƙe shi ya ƙi saki.

Ubangiji ya kiyaye ku har mu gana.
Ƙanwarka mai ƙaunarku,
Esta