Allon da Ya Ce Lafiya Lau

Litinin, 5 ga Agusta

Anti Morayo ta ba ni aiki na gaske a ofishinta na Yaba, inda suke sayar da tikitin jirgin ruwan Ikorodu ta waya. Zan haɗa allon da zai riƙa nuna lafiyar rumbun bayanansu: mutum nawa ke ciki, buƙata nawa ke jiran amsa, wuri nawa ya rage. Ta ce in ya yi amfani, zan riƙa zuwa duk Asabar bayan an koma makaranta. In bai yi ba, sai shagon Mama da awon garin kwaki.

Alhamis, 8 ga Agusta

Kwantena, irin akwatin da ake zuba manhaja a cikin kwamfuta, abin haushi ce. Rumbun yana cikin ɗaya, 'yar manhajar da ke ɗebo mini alƙalumansa tana cikin wata. In kwantena ta mutu, sai tsarin ya ta da sabuwa da wani suna, layin da allona ke zanawa ya yanke. Na yini ina neman inda ya shiga. Boda Gbenro, injiniyansu, yana gefena yana cin wake da burodi, na kasa tambayarsa. Sai da ya leƙo da kansa.

"Ebun, da suna kike binta? Bi alamar da aka manna mata mana."

Kunya kamar in nutse.

Talata, 13 ga Agusta

An sa allona a talabijin ɗin bango. Ko mutum ɗaya bai ɗaga kai ba.

Juma'a, 16 ga Agusta

Har yanzu akwai giɓi nan da can, kamar bakin tsohuwa. Na gaji. Na sa duk inda alƙalami bai zo ba ya rubuta sifili. Yanzu layin ya miƙe, kore shar.

Litinin, 19 ga Agusta

Ban san ta ina zan fara ba.

Da safe aka yi ta bugo waya daga tashar jirgi, tikiti ya ƙi sayuwa. Anti ta juyo ta ce, "Ebun, me allonki ya ce?" Na miƙe tsaye, ni da ba a taɓa jin muryata a ofishin ba, na ce, "Lafiya lau, Anti. Babu buƙata ko ɗaya da ke jira."

Saboda maganata Boda Gbenro ya bar rumbun, ya tafi duba intanet da wajen biyan kuɗi. Ashe manhajar ɗebo alƙaluman ta mutu tun ƙarshen mako. Rumbun ya cushe, sifilina ne kawai ke ta fitowa. Jirgin safe ya tashi rabinsa babu kowa, mutane sun koma layin motocin danfo suna zagi.

Da ya gano, sai ya ce, "Sannu likita. Majinyaci ya daina numfashi, kin rubuta ya daina tari."

Aka yi dariya. Anti ba ta yi ba. Ta ɗauki rimot ta kashe talabijin.

Talata, 20 ga Agusta

Ban je ba, na ce cikina ne. Mama ta miƙo mini kwanon awo.

Alhamis, 22 ga Agusta

Na koma. Na cire sifilin. Yanzu in alƙalami bai zo ba, wurin ya zama ja, ya rubuta "Ban sani ba". Na ce wa Boda Gbenro don Allah ya kashe manhajar da gangan mu gani. Wannan karon ni na fara yi masa magana.

"Ke yanzu kisa kike sa ni?" Ya dai kashe. Allon ya yi ja.

Mummuna ne, duk ramuka. Anti ta zo wucewa, ta tsaya a bayana, ta nuna wani giɓi na jiya ta ce, "Nan fa?" Na ce nan ban san abin da ya faru ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce in zo Asabar mu gano.

Asabar ɗaya ta ce, ba duka ba, kada in zaƙe. Na dai wanke takalmina.