Ta'aziyya da Sunan Jarida

Port Saeed, Dubai

Izzuddeen,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, don ni kam ka hana ni sukuni.

Tun da kamfaninmu ya sayi jaridar nan ta Jamus, ni ke fassara wa manaja duk abin da ya fito daga can, ni kuma na tsaya maka aka tura ka wakili. Aikinka ka zauna a ofis ka turo rahoto. Yau sai ga koke a teburina. Wata mata ta ce wani baƙo ya ƙwanƙwasa mata ƙofa, ya zauna a falonta shiru, wai jarida ce ta aiko shi saboda mijinta ya rasu. Ta kusa kiran 'yan sanda.

Ka ma san jaridar da kake wakilta? Wani mai ɗab'i ne ya kafa ta bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ɗansa ya gada, jikarsa ta sayar mana don matasa sun koma waya. Masu saye saura tsofaffi na ƙauyukan bakin kogi, mutanen da ko ɗan cikinsu sai ya sanar kafin ya zo. Wa ya aike ka? In suka daina saye, ba kai kaɗai za a sallama ba, kuma ka san bizata a hannun kamfanin take.

Ka ba ni amsa yau.

Yayarka,
Saratu

*

Yaya Saratu,

Wa'alaikumus salam. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan yara suna lafiya.

Ki yi haƙuri. Editan ne ya gaya mini cewa mutanen nan shafin sanarwar rasuwa suke fara buɗewa, kafin labarin gwamnati ko ƙwallo. Da na duba, yawancin mamatan suna sayen jaridarmu tun kafin a haife ni. Yaya, mutum ya yi shekaru yana shigar da kai gidansa kowace safiya, ya mutu, ka buga sunansa ka ci gaba da shan shayi? A Kano ko mai kanti yana zuwa gaisuwar mai sayen sabulunsa.

Ba na daɗewa. Ina yi musu ta'aziyya da harshensu, in ɗan zauna, in tashi. Wasu har kek suke ba ni. Amma tunda ba ki so, na bari.

A gaida mutanen unguwarku ta Karama.

Ƙaninki,
Izzuddeen

*

Izzuddeen,

Salam. Yanzu ban san wa zan yi wa faɗa ba, kuma hakan ya fi ba ni haushi.

Tun da ka daina zuwa, koke bai tsaya ba, salo ya sake. Wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ya rubuto cewa an je gidan maƙwabcinsa, shi kuwa matarsa ta rasu, ya gyara falo ya jira, ba wanda ya zo. Yana tambaya ko jaridar da matarsa ta karanta daban ce da ta maƙwabcin. Ya ce a daina kawo masa.

Ita ma matar farko ta sake rubutowa. Tana nan a kan bakanta cewa rashin ladabi ne, amma wai karo na gaba ka buga waya tukuna. Wane karo na gaba? Miji nawa gare ta?

Manaja ya kira ni ya ce, "Saratu, mutanen nan suna so ne ko ba sa so?" Ni da na cinye ƙuruciyata ina karanta manyan littattafan Jamusawa, na koma ina sake karanta wasiƙun kamar ban taɓa jin harshen ba. Ya ce khalas, wato zance ya ƙare, gobe in faɗa masa ɗaya: a dawo da kai Dubai ko a bar ka ka ci gaba da zuwa ta'aziyya. Duk abin da ya biyo baya, ni zai tuhuma.

Allah ya shirya mini kai.

Saratu

*

Izzuddeen,

Salam. Na ce a bar ka. Kada ka tambaye ni dalili, ban da shi.

Ka je gidan tsohon nan. Sunan matar Waltraud. Ka sa editan ya koya maka faɗinsa daidai kafin ka tafi.

Allah ya rufa mana asiri.

Yayarka