Kabad ɗin Kwaɗunan Baba

Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da Baba da iyalinka. Na rubuto ne tunda waya ba ka ɗauka, in ka ɗauka kuma ƙarar injin shagonka ba ta bari in ji ka.

Tun da ka gaya mini abin da likitan ido ya ce game da Baba, na kasa zaune na kasa tsaye. Wata shida, in an yi sa'a. Jiya a ofis sau uku na karanta takarda ɗaya ban san me ke ciki ba.

Ga abin da na yanke. Shekara arba'in Baba yana gyaran kwaɗon ƙofa da yankan makulli, kuma duk tsohon kwaɗon da ya burge shi sai ya ajiye. Yanzu suna ina? Cikin gwangwanayen madara a ƙarƙashin gado. Ina so ya gan su a jere cikin kabad ɗin gilashi kafin idon ya rufe. Ba na zamani mai ƙyalƙyali ba. Tsoho nake so, na katakon gaske, sa'an kwaɗunan.

Ka je layin masu tsofaffin kaya. Ka duba baya da ƙafafu, in ka ga ƙananan ramuka da gari-gari a ƙasa, ƙwaro ya ci, ka wuce. Kuma kada ka saya sai ka kwatanta mini, don na san idonka.

Ka gaida Baba da kyau.
Yayarka.

Yaya,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa mai yawa, ranki ya daɗe, shugabar masu ba da umarni daga nesa. Muna lafiya.

Na je, na sha ƙura, na ga guda uku. Na farko kyakkyawa ne, amma kantocinsa na gilashi ne. Mai shagon ya rantse za su ɗauki komai. Na ce masa bai san kayan Baba ba, akwai kwaɗon da in ya faɗo maka a ƙafa sai an ɗaure ta. Na biyu dogo ne, na auna da tef, ba zai juya a kwanar matakalarmu ba sai dai a rushe bango.

Na uku ne ya kwanta mini. Kantocin katako, hawa huɗu, ƙafafu lafiya lau, ba rami ko ɗaya. Gilashin irin na da ne, mai 'yan kumfa a ciki. Aibinsa guda, gilashin gefen hagu ya taɓa fashewa an sa sabo. In kin amince, gobe ma sai a kawo.

Baba yana nan yadda kika san shi. Da ya karya kumallo sai ya jawo gwangwani, ya zazzage a tabarma, ya ɗiga wa kowane kwaɗo man keke, ya buɗe ya rufe yana sauraron ƙararsa. Ban gaya masa zancen kabad ba. Ya ce in tambaye ki yaushe za ki zo.

Ƙaninki, ɗan aikenki,
Auta.

Auta,

Sallama da gaisuwa. Na ga wasiƙarka.

A'a. Tsohon gilashi da sabo ba sa zama tare, da ka tsaya a gefe za ka ga bambancin. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gano makullin jabu da ido ɗaya, shi za mu kai wa abu mai faci? Abu na ƙarshe da zai kalla ke nan, Auta. Ka ci gaba da nema. An ce akwai wata tsohuwa a bayan tashar jirgin ƙasa da ke sayar da kayan gidajen da aka tashi, ka gwada can. Ka tabbata yana da makulli, saboda ƙura da hannun yaranka.

Batun zuwa, ka ce masa aiki ya yi yawa. In an kafa kabad an jera komai, zan zo mu tsaya gabansa mu uku. Ba na so in shigo masa hannu rabbana.

Ka yi sauri don Allah, kwanaki na tafiya.
Yayarka.

Yaya,

Assalamu alaikum. Yau ba ni da bakin wasa, ki yi haƙuri.

Mako tara na yi ina yawo kafin na samu wanda babu abin da za ki kushe. A wurin tsohuwar nan ne. Duk gilashinsa na asali, ƙofofi biyu, makullin tagulla. Mu huɗu muka hau da shi. Na goge kwaɗunan, na jera manya a ƙasa ƙanana a sama, na kulle kamar yadda kika ce, sannan na kamo hannun Baba.

Ya tsaya ya daɗe. Ya ce, "Madalla. Kai, dubi kwaɗon tagullar nan yadda ya fito." Yaya, inda yake nunawa babu komai, hasken taga ne ya faɗa a kan gilashi. Na tagullar yana can ƙasa.

Tsohon gilashin da muka sha wahala a kansa yana lanƙwasa abu kamar ana kallo ta cikin ruwa. Ni mai ido biyu yana burge ni. Shi kuwa ɗan abin da ya rage masa ma ya ƙwace.

Yau kwana takwas bai taɓa kwaɗo ba. Yana gama kumallo sai ya zauna ya ɗora hannuwa a gwiwa, yatsunsa na motsi su kaɗai. Na miƙa masa makullin, ya ce in mayar, "Yayarku ta sha wahala, kada in ɓata mata jeri kafin ta gani." Mutumin da zai iya buɗe wannan kabad da tsinken sakace.

Mun koma asibiti. Likita ya ce abin yana sauri fiye da yadda ya zata. Ina jin haushinki, kuma ina jin haushin kaina da na biye miki.

Auta.

Auta,

Sallama. Na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune, na yi kuka a gaban mutane.

Ka kira kafinta ya cire ƙofofin yau. Asalin gilashi ya daɗe bai zama asali ba.

Ba aiki ne ya riƙe ni ba. Tsoro nake ji. Ina tsoron in tsaya a gabansa ya kalli gefena ya ce madalla. Muddin ana neman kabad, ina da abin da zan ce ina yi masa. Kada ka karanta masa wannan.

Na nemi hutu, sun ce ƙarshen wata.

Yayarka.

Uwata,

Assalamu alaikum. Da hannuna nake rubutu, in layin ya karkace ki yi haƙuri. Kada ki yi wa Auta faɗa, ni na matsa masa ya karanta mini.

Na kori kafinta. Kabad ne mai kyau, na shafa shi ciki da baya, wanda ya yi shi ya san aiki. Na buɗe abina. Kwaɗuna kuwa ba su taɓa buƙatar idona ba, hannuna ya san kowannensu.

Kullum da safe ina sa Auta ya matso a hankali har in ga fuskarsa. Makon jiya daga taƙi uku nake gane shi. Yau sai da ya zo taƙi biyu.

Ƙarshen wata ya yi nisa.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki.