Layi Na Takwas

Litinin, 3 ga Maris

Kamfanin nan mai gwada ido ta waya ya kai jiharmu kotu, wai dokar da ta hana shi aiki an yi ta ne don kare cinikin likitocin ido. Likita Tidwell ya ce lauyar ƙungiyarsu na son takardar rantsuwa daga gare ni, tunda shekara goma sha bakwai ina tsayar da mutane gaban allon haruffa a asibitinsa. Zan rubuta cewa gwajin waya shirme ne, haka kuma na yi imani. Ranar 14 za a miƙa.

Talata, 4 ga Maris

Na rubuta, na gyara sau uku. Jimla ta biyar: "Waya ba za ta gano abin da allonmu bai gano ba." Ta yi ma'ana. Sai dai ban taɓa gwada abin ba. In rantse a kan abin da ban gani ba?

Asabar, 8 ga Maris

Mun tsallaka iyakar jiha zuwa gidan ƙanwata Jolene, can ba a hana ba. Bayan mun ci gasasshen haƙarƙari na jingina wayarta a kan firij, na auna taku goma, na rufe ido ɗaya. Wai idon hagu ya yi rauni, in je in ga likita. Maigidana Vernon har da ƙwarewa don dariya: "Matar gidan tabarau ba ta gani! Ashe shi ya sa kika aure ni." Na ce ya rufe mana baki, wayar ce maƙaryaciya.

Litinin, 10 ga Maris

Kafin kowa ya iso na tsaya gaban allonmu. Da idon hagu na karanta har layi na takwas, tsaf. To.

Laraba, 12 ga Maris

Tsohuwa Misis Odom ta maƙale a layi na shida. Na juya wa allon baya ina neman biro, sai na ji bakina yana karanto mata haruffan. Ta ce, "'Yar nan, ido gare ki a ƙeya?"

Da ta tafi na zaro wani tsohon allo a bayan kabad, wanda ban taɓa amfani da shi ba. A layi na biyar na tsaya.

Ashe hadda nake yi. Tun yaushe?

Alhamis, 13 ga Maris

Na gaya wa Likita. Ya zaunar da ni, ya ɗiga mini magani a ido, ya haska har cikinsa. Ba cuta, tabarau kawai. "Wannan dai wayarki ba ta iyawa," in ji shi. Gaskiya ne, na ƙara shi a takardar. Ina bakin ƙofa ya ce, "Loretta, in suka ci shari'ar nan, kujerarki ce za ta fara tafiya, ba tawa ba." Wannan ma gaskiya ne.

Juma'a, 14 ga Maris

Na sa hannu. Ra'ayina na nan inda yake. Jimla ta biyar kaɗai na cire, dama takardar ta yi tsawo. Lauyar ta ce ai wannan jimlar suka fi so. Likita tun safe yake ɗaure mini fuska.

Jolene ta kira, ko ta gwada Mama da wayar, tunda awa biyu ce tafiyar zuwa likita. Ban ce e ba. Na dai ce ta auna taku goma daidai.