Tankin Ruwa da Randar Ƙofar Gida

Maman Thuza,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna, yaya karatun Thuza?

Ina sanar da ke cewa mijinki, tsohon malamin tarihi, ya sami muƙami a nan ƙasar Tailan. Ni ke cika tankin ruwan 'yan ɗakunan nan masu taya, waɗanda mutanen birni ke janyowa da mota don su kwana a kan dutse.

Lafiyata ƙalau, bayana ne kawai ke gunaguni.

Idan na zura tiyo, nakan kasa kunne. Muryar tankin na sirancewa yayin da yake cika, kamar randar da kike cikawa a ƙofar gida don masu wucewa. Jiya na bi muryar nan har na hango ki cikin hazo, ɗauke da tulu. Ashe tankin ya cika, ruwa ya malale. Uwar ɗakina ta ce, "Malam, dutsen ma wanka za ka yi masa?"

Ta ce ba hutu a bikin ruwa na sabuwar shekara, baƙi za su yi yawa. Ba zan zo ba bana. Kada ki bar randar ta bushe, wataƙila mijin wata ya biyo da ƙishi.

Ranar da zan taho na ce miki shekara ba ta da tsawo. Na yi kuskure.

Naki,
Ko Thaung