Wushiryar Ummi Tana Nan

Zuwa ga ƙanena Sani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida iyali. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal? Ciwon ƙafar ya yi sauƙi? Mu nan Kwaciri lafiya lau, sai tsufa, shi kuwa ba a kai shi asibiti.

Zancen 'yarka Ummi ne. Haƙorin nan na gefe da ya hau kan ɗan'uwansa ya sa ta daina dariya sai da mayafi a baki. Wani mai cire haƙori a Bata ya ce a tumɓuke shi a huta. Na kusa yarda, ni da na tsufa ina koyar da kimiyya, don asibitocin ƙasar nan sun gama koya mini fid da rai. Uwargidana Hajiya ce ta tsare ni da faɗa, muka kai ta wurin wata likitar haƙori a Sabon Gari.

Ta ɗauki hoto, ta ce ba abin da za a cire. Ko a ɗaura waya, ko a sa robar da ake cirewa lokacin cin abinci. Na zaɓi waya, don Ummi ko ɗan kunne ba ya kwana biyu a kunnenta.

Sai Hajiya ta ce, "Likita, wayar nan za ta rufe wushiryar? Ta uwarta marigayiya Binta ce."

Likita ta ce, "Mama, karkataccen za mu miƙe, ba za mu taɓa gado ba."

Jiya na jiyo dariya daga zaure, na leƙa. Ummi ce, baki buɗe, waya tana ƙyalli, wushiryar Binta tana nan daram.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida yara da maƙwabta.

Yayanka,
Lawan