Yashi a Kan Dogo

Asabar, 4 ga Mayu, 2024

Saƙon Yaya Zaharadeen ya iso daga Ingila. 'Yar na'urar sauti ce kamar ƙwallon dabino, da sifika da bai kai murfin kwalba ba. Za a sa su cikin ɗan jirgin ƙasan da ya aiko wa Baba bara, don ya riƙa huci da usur irin na jirgin kwal na gaske.

Wai in kai Gusau wurin ƙwararre. Ni Nazifa! Ni da matan Mafara, har da na Bakura, ke ƙullo wayoyinsu a bakin zane su kawo mini gyara har ɗaki. Na ce masa to. A raina na ce Gusau ɗin me.

Lahadi, 5 ga Mayu

Tun da 'yan bindiga sunka tashe su daga Gidan Goga, sunka dawo gidan Yaya da ke jikin namu, Baba bai ƙara magana ba. Salla kawai, sai ɗaga hannu in an gaishe shi. Mutumin da ya tuƙa jirgin kwal daga Ƙaura zuwa Zariya, wanda in ya ɗauko labarin reluwe sai tuwo ya huce. Likita ya ce bai ga ciwo ba. Ga yanar ido, jirgin ma bai ganinsa, yana ta zagaya layin dogonsa shiru kamar ƙadangare.

Yau ma ko rabin tuwonsa bai ci ba. Inno ta ce, "Auta, Malam tafiya yake muna kallo." Gaskiya tsoro nake ji.

Talata, 7 ga Mayu

Kowa ya tafi kasuwa, na buɗe jirgin. Na rufe taga, na shimfiɗa farin ƙyalle, na ce kada wanda ya shigo mini da ƙafa. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta cinye haƙoran injin nan. Masu ƙirar 'yan duniya ne, sun ɓoye sukuru har cikin bututun hayaƙi. Na gano shi. Ga wasu 'yan ƙarafa a jiki siraran tsiya kamar tsinken tsintsiya, ban karya ko ɗaya ba. Allah ya yi mini hannu, ba yabon kai ba.

Alhamis, 9 ga Mayu

Sifika ba wurin zama. Cikin tukunyar jirgin wani curin dalma ne ya cika ko'ina, ba waya a jikinsa, ba aikin fari ba na baƙi. Na zare shi na jefa gwangwanin madara. Sifika ya zauna daram. Waya ja da baƙa zuwa ƙafafu, mai ruwan lemo da mai ruwan toka zuwa injin. Liƙina ko a masana'anta sai haka.

Na kunna. Cif, cif, cif, sai usur! Inno ta yar da ludayi daga madafa: "A'uzubillahi! Wa ke yin fito cikin gida?" Na yi dariya har da hawaye.

Juma'a, 10 ga Mayu

Bayan la'asar na jera dogo bisa katako gaban tabarmar Baba, na ɗora kan jirgin shi kaɗai. Ya tashi lafiya lau, huci na bin ƙafafu daidai wa daida. Baba ya karkato kunne. Ya saurara. Na ƙura wa bakinsa ido.

Sai ya jawo carbinsa.

Aikin ba aibi ko na sisin kwabo. Na shige madafa na yi kukana.

Asabar, 11 ga Mayu

Ban taɓa wayar kowa ba yau.

Litinin, 13 ga Mayu

Wannan kam sai na rubuta.

Yaya ya kira ta bidiyo, wai a nuna masa. Don burga na ɗaura wa jirgin taragunsa duka. Tsakar gidan nan ba daidai take ba, katakon ya ɗan tashi ta wajen ɗakin Inno. Yana kaiwa nan ya tsaya cik, ƙafafu na juyawa a banza, hucin ya haukace, cifcifcifcif, ba gaba ba baya. Gaban Yaya! Na so ƙasa ta tsage in shige.

Sai na ji tsawa: "Yashi! Manu, sakar mai yashi! Ba ka ji shina zamewa?"

Baba ne. Muryarsa ta dā, wadda ake ji daga bakin gona.

Ya lalubo ƙasar tsakar gida, ya ɗebo da yatsu, ya lalubo dogon, ya barbaɗa. Dogona da nake gogewa da auduga! Jirgin ya yi ƙarar-ƙarar, ya cije, ya haye da ƙyar. Baba ya ce, "Yawwa. Haka shike yi in raɓa ta sauka."

Inno ta zauna daɓas tana share ido. Ta ce Manu shi ne mai zuba masa kwal, ya rasu tun kafin a haife ni. Baba ya yi ta zuba har anka kira magariba, ya tashi da kwanon tuwo har da neman ƙari. Mun manta da Yaya a cikin waya.

Talata, 14 ga Mayu

Na gane. Dalmar nan ita ke danne ƙafafu su kama dogo. Ashe ba a banza anka sa ta ba. Gyaran ba wuya: in mai da sifika taragon kwal na baya, dalma ta koma gidanta. In na zauna masa, kafin shayi ya huce zan gama.

Na ɓata safiya ina tsince yashi daga haƙoran inji da buroshi. Yaya ya rubuto, "Ai na ce a kai Gusau."

Lahadi, 19 ga Mayu

Ruwan farko ya sauka jiya. Baba ya shaƙi ƙamshin ƙasa, ya tambayi Inno ko ta fito da irin gero cikin kayanta. Ta fito da shi. Zai shuka bayan gida.

Kullum la'asar shi ke fara neman jirgi. Ya zauna da yashinsa a murfin kwano, kunne a karkace, yana jiran hawa. In jirgi na tafiya ni ce Manu, in ya tsaya in koma Auta. Yau ya ɗaga kan jirgin a tafin hannu, ya jinjina.

"Auta, wanga ba shi da nauyi. Wa ya haɗa shi?"

"Ni ce, Baba."

"To, da saura."

Da saura! Da wani ne ya faɗi haka a kan aikina, da sai an raba mu. Na ce Allah ya ba mu sa'a, Baba.

Dalma tana nan cikin gwangwani. Aiki ne ya yi mini yawa, wayoyin mutane sun taru, shi ke nan. Na dai ba Inno rariya ta tankaɗe masa yashi mai laushi. Da safe kuma, kafin ya fito, na cusa ɗan dutse ƙarƙashin katakon ta wajen hawan.